Kumburin Ƙafa da Kyamarar da Ke Ganin Zafi



Sharhinmu na yau a kan ƙafa yake, ƙafar da ta kumbura. Duk wanda ya taɓa zaman jinya a asibiti ya ga irinta. An kawo dattijo sashen agajin gaggawa, ya naɗe wando zuwa gwiwa, ƙwaurinsa na dama ya yi suntum, fatar ta ɗaure tana sheƙi, da an taɓa wurin sai ya janye ƙafar yana salati. Jiya da safe lafiya lau ya je gona. Cikin dare sanyi ya rufe shi, kaluluwa ta fito masa a matsematsi. 'Ya'yansa na tsaye a kansa, wani na cewa wani abu ya taka, wani na cewa jifa ne. Shi kuwa likita tambaya ɗaya ce a gabansa: ƙwayoyin cuta ne suka shiga fatar nan, ko kuwa wani ciwo ne dabam mai kama da haka? Tambayar ba ta da wuyar yi. Amma ko a manyan asibitocin Amurka da Ingila, kusan amsa ɗaya cikin uku da ake ba ta ba daidai ba ce.

Cutar da likita ke zargi ita ce selulaitis. Ƙwayoyin bakteriya ne, galibi dangin sitireftokokas da sitafilokokas, ke samun ƙofa su shiga can cikin fata da kitsen da ke ƙarƙashinta, su yi ta yaɗuwa. Ƙofar kuwa ba sai babba ba. Fason dunduniya na lokacin hunturu ya isa. Haka ruɓewar tsakanin yatsun ƙafa, wadda ke damun manoman fadama da masu wanki da duk wanda ƙafarsa ke yini a jiƙe. Haka cizon ƙwaro da aka sosa, ko ƙayar da aka cire da allura. Mai ciwon suga, da mai ƙiba, da wanda ƙafarsa dama take tara ruwa, sun fi kowa shiga haɗari. Alamominta huɗu ne a littattafan likitanci: ja, zafi, kumburi, da ciwo. In an kama ta da wuri, maganin kashe ƙwayoyin cuta, wato antibayotik, na kwana biyar zuwa mako guda yakan gama da ita. In aka yi sakaci, tana iya shiga jini ta yi kisa.

To ina matsalar take? Matsalar ita ce babu wani gwaji guda da za a yi a ce ga ta. Zazzaɓin cizon sauro ana ɗiga jini a kan ɗan abin gwaji, cikin minti 15 a ga layi. Karaya ana ɗaukar hoto a ga ƙashi. Ita wannan ko an ɗebi jini an kai ɗakin gwaji don a raini ƙwayar, a ƙasa da mutum 10 cikin 100 ake samun wani abu. Saura duk idon likita ne da hannunsa. Ga kuma cututtuka da dama da ke shigar burtu da kamanninta. Akwai kumburin da ke zuwa idan jijiyoyin da ke mayar da jini sama suka gaji, jini ya riƙa kwanciya a ƙafa, fata ta yi duhu tana ƙaiƙayi. Akwai gudan jini da ke toshe babbar jijiya a sha-raɓa. Akwai ciwon gaɓa na gawut, akwai borin fata daga wani mai ko magani da aka shafa. Ba ɗaya daga cikinsu da antibayotik ke warkarwa, gudan jinin nan kuwa in aka bar shi ana ta ɗura wa mutum allurai, yana iya ɓallewa ya tafi huhu.

Likitocin fata a birnin Norwich na Ingila sun ba da rahoto a shekarar 2011 kan majinyata 635 da aka turo musu da sunan selulaitis ta ƙafa. Da suka duba da kyau, 210 daga ciki wani ciwo ne dabam ke damunsu. A Boston ta Amurka, wani bincike da mujallar JAMA Dermatology ta buga a 2017 ya bi takardun majinyata 259, ya tarar 79 an yi musu kuskuren ganewa. Masu binciken suka yi lissafi cewa a faɗin Amurka irin wannan kuskure na sa a kwantar da mutum 50,000 zuwa 130,000 a asibiti duk shekara ba tare da buƙata ba, a kashe dala miliyan 195 zuwa 515. Wannan fa a ƙasar da ake samun cutar kusan sau miliyan 14 da rabi a shekara, kuma a asibitocin da ba a rasa kayan aiki.

Daga nan ne wasu likitocin Babban Asibitin Massachusetts, cikinsu har da Dokta Daniela Kroshinsky da Dokta Adam Raff, suka ɗauki ɗaya daga alamomin nan huɗu suka ce bari a auna ta da lamba. Ja ido ke gani, ciwo majinyaci ke faɗa, amma zafi ana iya auna shi. Duk abin da ke da ɗumi yana fitar da wani haske da idonmu ba ya gani, wanda masanin taurari William Herschel ya gano tun shekarar 1800, ana ce masa infared. Kun san shi, ko ba ku san sunansa ba. Shi ne abin da 'yar na'urar nan mai kama da bindiga ke karantawa, wadda aka riƙa saita mana a goshi a ƙofar banki da filin jirgi lokacin Ebola da korona. Sai dai ita bindigar ɗigo ɗaya take aunawa. Kyamarar zafi kuwa hoton ƙafar gaba ɗaya take ɗauka, kowane ɗigo da nasa ma'aunin. Wadda suka yi aiki da ita a Boston, mai suna FLIR ONE, ƙarama ce, a jikin wayar salula ake maƙala ta.

Ga yadda abin yake a fuskar waya. Majinyaci ya miƙe ƙafafunsa biyu a kan gado, an yaye zane, an bar fatar ta sha iskar ɗaki na ɗan lokaci. Likita ya tsaya nesa kaɗan, bai taɓa ba, bai soka komai ba. Lafiyayyar ƙafar sai ta fito da launin shuɗi da shunayya, yatsu sun fi duhu saboda sun fi sanyi. Mai ciwon kuwa sai ka ga ƙwaurin ya haske da ruwan ɗorawa, tsakiyarsa fari fat, hasken yana raguwa zuwa gwiwa. Likita ya ɗora alama a wurin da ya fi zafi, waya ta ba shi lamba. Ya ɗora a daidai wannan wuri a ɗaya ƙafar, ya cire wannan daga wancan.

Likitocin Boston sun gwada haka a kan majinyata 72, suka buga sakamakon a 2018. Masu selulaitis ta gaskiya, wurin ciwon ya kai digiri 34.1 a ma'aunin Selshiyos, ya ɗara lafiyayyen gefen da digiri 3.7. Masu cututtukan da ke kwaikwayonta, bambancin digiri 0.2 ne kacal. Da suka sa iyaka a digiri 0.47, kyamarar ta kama kusan 97 cikin 100 na masu cutar.

A nan nake so ku ƙara kasa kunne, domin lamba ta biyu ita ce ake yawan tsallakewa idan ana tallar sabuwar na'ura. Cikin waɗanda ba su da cutar, ƙasa da rabi kyamarar ta iya wankewa. Sauran ta nuna su da zafi, alhali ba ƙwayar cuta a jikinsu. Dalili a fili yake: gawut na sa zafi, gudan jini na sa zafi, borin fata ma haka. Kyamara zafi ta sani, ba ta san sanadinsa ba. Saboda haka amfaninta ta gefe ɗaya ya fi ƙarfi. Idan ta ce ƙafafun nan biyu ɗuminsu ɗaya, to da wuya a ce selulaitis ce, likita ya dakata da allura ya nemi wani dalilin. Idan ta ce wannan ta fi zafi, ba a gama komai ba tukuna. Wani bincike mafi girma a Jami'ar Wisconsin, kan majinyata 204, wanda ya fito a 2024, shi ma abin da ya samu ke nan: kamun masu cutar ya haura 90 cikin 100, wanke marasa ita bai kai 40 ba.

Likitocin Boston ɗin sun kuma fito da wani lissafi da ba ya buƙatar kyamara ko kaɗan, suna ce masa ALT-70. Ƙafa ɗaya ce ta kumbura ba biyu ba, maki 3. Shekarun majinyaci sun kai 70, maki 2. Fararen ƙwayoyin jini sun kai 10,000, maki 1. Bugun zuciya ya kai 90 a minti, maki 1. Maki 5 zuwa sama, a yi maganin selulaitis. Maki 2 zuwa ƙasa, a sake tunani. Da aka gwada shi kafaɗa da kafaɗa da kyamarar a 2018, lissafin nan na takarda da biro bai gaza ta ba, har ya ɗan fi ta. Kuma ku lura da abin da ya fi maki a ciki. Selulaitis da wuya ta kama ƙafa biyu lokaci guda. Duk ma'aikacin lafiyar da ya riƙe wannan kaɗai, ya rage kuskure mai yawa ba tare da ya sayi komai ba.

To in haka ne, me ya sa na ɗauki lokacinku a kan kyamarar da ake gwaji da ita a Boston? Saboda alamar farko a cikin huɗun nan, wato ja. An rubuta littattafan likitanci ana kallon farar fata, inda cutar ke fitowa jawur, gefenta a bayyane. A jikin baƙar fata jan nan ɓoyewa yake yi. Wurin yakan ƙara duhu ne kawai, ko ya yi shunayya-shunayya, ko toka-toka, wani lokaci ma sheƙi kaɗai za ka gani. A ɗakin da fitilarsa ba ta da ƙarfi, da dare, ko wannan ba za a gani ba. Wani ɗalibin likitanci haifaffen Zimbabuwe, Malone Mukwende, da yake karatu a St George's a Landan, abin ya dame shi har ya haɗa kai da malamansa biyu a 2020 suka fitar da ɗan littafi mai suna Mind the Gap, na hotunan alamomin cututtuka a jikin baƙar fata. Ɗalibanmu a Kano da Zariya da Yamai su ma da waɗancan littattafai suke karatu, sannan su fito su tarar da majinyatan da ba su yi kama da hoton ba.

Shi kuwa hasken infared ba ruwansa da launi. Fatar ɗan Adam, fara ce ko baƙa, kusan daidai take fitar da shi, kuma wani bincike da aka yi a Leicester ta Ingila a 2020 ya auna mutane masu launin fata iri-iri bai ga bambancin da za a kula da shi ba. Ke nan alamar da ke ɓace mana a ido, kyamara na iya maye gurbinta da wadda ba ta ɓacewa. A ganina, in akwai mutanen da wannan fasaha ta fi dacewa da su a duniya, mu ne. Abin da ke damuna shi ne akasarin waɗanda aka gwada ta a kansu fararen fata ne, a ɗakunan da na'urar sanyaya ɗaki ke aiki dare da rana.

Wannan batu na ɗaki ba ƙarami ba ne. Zafin fata yana bin zafin wuri. Mutumin da ya sauko daga babur a Sakkwato cikin watan Afrilu, rana ta gasa masa ƙafa ɗaya tun daga ƙauye, ga zafin salansa a gefe, lambar da kyamara za ta bayar ba ta Wisconsin ba ce. Haka wanda aka gasa wa ƙafa da ruwan zafi kafin a fito, ko aka shafe ta da man zafi, ko aka ɗaure ta da tsumma. Iyakar da aka yanka a can, sai an sake auna ta a nan. Kuma aikin nan bai fi ƙarfin asibitocin koyarwarmu ba. Kyamarar 'yan ɗaruruwan daloli ce. Abin da ake buƙata shi ne likitan fata da zai tabbatar da ainihin ciwon, da majinyata ɗari biyu ko uku, da haƙurin rubuta lambobi a lokacin zafi da lokacin hunturu. Ina roƙon malaman da ke neman abin da ɗalibansu za su yi bincike a kai su dubi wannan.

Akwai kuma masu tundurmi, waɗanda ba a cika tunawa da su ba. Nijeriya na cikin ƙasashen da cutar ta fi yawa a duniya. A Filato da Nasarawa an sanar da katse yaɗuwarta a 2017, amma wanda ƙafarsa ta riga ta kumbura yana nan da ita. Abin da ke ƙara lalata ƙafar shi ne zazzaɓin nan da ke taso musu lokaci-lokaci, ƙafar ta yi zafi ta ƙara girma, su kwanta kwanaki ba aiki. Wannan tasowar kuwa ƙwayoyin bakteriya ne ke shiga ta tsakanin yatsu da lungunan fata, wato ita ce dai cutar da muke magana a kai. Masu bincike daga makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta Liverpool sun gwada kyamarar zafi a kan masu tundurmi a Bangaladash, suka ba da rahoto a 2021. A fatar da ta yi kauri ta yi duhu, inda ido ba ya rarrabe komai, hoton zafi na iya nuna inda wutar take. Sai dai idan ƙafafun biyu duk sun kamu, babu lafiyayyar da za a gwada da ita, dabarar cire wannan daga wancan ta raunana.

Na'ura ta biyu ba sai an jira ta daga waje ba, tana nan a garuruwanmu. Ita ce ta sikanin, wadda ake duba masu juna biyu da ita. Idan aka sa mata kan da ya dace da duba fata, aka shafa man nan mai sanyi aka ɗora a hankali, selulaitis na da kamannin da ake gane ta da shi: ruwa ya ratsa tsakanin curin kitse, hoton ya fito kamar lakar fadama da ta bushe ta tsattsage. Gaskiya ne kowane irin kumburi na iya ba da wannan hoto, don haka shi kaɗai ba hujja ba ne. Babban aikin sikanin shi ne amsa wata tambayar: akwai mugunya a ƙasa ko babu? Idan ta taru, sai a ga baƙin rami mai gefe, in an danna abin cikinsa ya motsa. Wannan ya raba hanya biyu, domin ƙurji mai mugunya sai an tsaga an fitar, magani kaɗai ba ya isa, selulaitis zalla kuwa tsaga ta ɓarna ce. A wani asibiti a Karolina ta Arewa, Dokta Vivek Tayal da abokan aikinsa sun duba majinyata 126 a binciken da suka buga a 2006, sikanin ya sa an sauya shawara a kan fiye da rabinsu. Wasu an yi niyyar tsagawa aka tarar ba komai, wasu an yi niyyar sallama da ƙwayoyi aka tarar da mugunya kwance.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. A ƙasashe masu zafi akwai ƙurjin da ke taruwa can cikin tsokar cinya ko sha-raɓa, yara da matasa ya fi kamawa, daga waje ba ka ganin komai sai tauri da zafi. Sikanin na nuna shi, yana nuna zurfinsa, yana kuma nuna jijiyar jinin da ke kusa don kada wuƙa ta same ta. Da wannan na'ura dai ake gane gudan jini a jijiya. Wanzamin da ke sakiya da ƙarfe ba shi da hanyar sanin ko ɗaya daga cikin waɗannan, komai daɗewarsa a sana'a. Kuma abin takaici ne a ce na'urar na ɗaki na gaba a asibiti, amma ba wanda ya koyi ɗora ta a kan ƙafa.

Sai gargaɗi, tunda an ambaci na'ura. Kun san masu yawo da kwamfuta a kasuwanni da tashoshin mota, a ba ka ƙarfe ka riƙe, minti biyu a karanto maka cututtuka goma sha, a sayar maka da maganinsu nan take. Ranar da kyamarar zafi ta yi araha, hannun irin waɗannan za ta fara faɗawa, domin hotonta na da launi mai ɗaukar ido. Ko a Amurka sai da hukumar kula da abinci da magunguna ta yi ta gargaɗin cewa hoton zafi ba ya maye gurbin gwajin sankarar mama. Hoto ba tare da wanda ya san ciwon ba, hanyar karɓe kuɗin talaka ce kawai.

Wani zai ce, to mene ne laifin a ba kowa antibayotik, in cutar ce ta warke, in ba ita ba ce ba a yi asara ba? An yi asara. An bar ainihin ciwon yana ci. An jawo wa mutum gudawa ko borin magani. Sannan an ƙara koya wa ƙwayoyin cuta jure magani. Ƙididdigar da mujallar Lancet ta buga ta nuna cewa a 2019 ƙwayoyin da suka daina jin magani sun kashe mutum miliyan 1.27 a duniya, kuma yankin da abin ya fi muni gwargwadon yawan jama'a shi ne Afirka ta Yamma. Mu ne muke shiga kemis mu ce a ba mu kafso na naira kaza, mu sha kwana biyu mu ajiye.

Kafin kyamara ta iso, akwai abin da mai jinya zai iya yi a gida da asibitin karkara. A taɓa ƙafafun biyu da bayan hannu, wuri ɗaya, a ji bambanci. A duba tsakanin yatsu da dunduniya, a nemi ƙofar da cutar ta shiga, a wanke da sabulu a tsane. A ɗauki biro a zagaye iyakar wurin da ya yi zafi da tauri, a rubuta lokaci a gefe, a ɗauki hoto da waya a hasken rana. Bayan an fara magani a ɗaga ƙafar a kan matashi. Kwana ɗaya zuwa biyu na farko kumburin na iya ɗan tsallake layin, amma in an wuce haka yana ci gaba, a koma wurin likita da hoton a hannu.

Akwai kuma halin da ba a jiran hoto kowane iri. Idan ciwon ya fi abin da ido ke gani nesa ba kusa ba, mutum na ihu alhali fatar ba ta nuna komai sosai. Idan kumburin na tsallake layin biro cikin sa'o'i. Idan bororo masu baƙin ruwa suka fito, ko fatar ta mutu ba ya jin taɓi, ko ana danna ta ana jin ƙaras-ƙaras na iska a ƙasa. Idan majinyaci ya fara sambatu ko fitsari ya ɗauke, to ana zargin cutar nan mai cin nama ce da ke bin shimfiɗar da ke kan tsoka. Kyamarar zafi ba ta isa ta kore ta ba, sikanin ma haka. Maganinta tiyata ce, kuma da sa'o'i ake lissafi. A nemi mota a tafi asibitin da ke da likitan fiɗa, ko da tsakar dare ne.

Sai mun sake haɗuwa a sharhi na gaba. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti.